Malam Aminu Kano: Malamin da Ya Koya wa Talaka Cewa Mulki Yana da Iyaka

 A filinmu na tarihin manyan mutane, wannan karon mun ɗauko Malam Aminu Kano.

Duk wanda ya taɓa sauka Kano ya ji sunan. Filin jirgin saman birnin sunansa gare shi, haka ma babban asibitin koyarwa inda mutanenmu da yawa ke kai marasa lafiya in abin ya fi ƙarfin Damagaram. Amma mai sunan bai taɓa zama gwamna ba, bai zama shugaban ƙasa ba, kuma zaɓen da ya faɗi ya fi wanda ya ci yawa. Abin da ya ɗaukaka shi magana ɗaya ce da ya kwashe shekara 40 yana nanatawa a kasuwa da makaranta da majalisa: cewa mai mulki, ko wane ne shi, akwai iyakar da bai isa ya ƙetare ba a kan talaka.

Tunanin da ya tsaya a kai

Masu ilmin siyasa suna da suna ga irin wannan tunani. Suna ce masa libaraliyya, gidajen rediyo kuma kan fassara shi da sassaucin ra'ayi. Kalmar baƙuwa ce, amma abin da ke cikinta ba baƙo ba ne ga wanda ya taɓa tsayawa gaban hukuma. Ginshiƙanta biyar ne.

Na farko, kowane mutum yana da haƙƙin da ba sarki ne ya ba shi ba, saboda haka sarki bai isa ya karɓe ba: ransa, mutuncinsa, gonarsa da dabbarsa. Na biyu, mulki sai da yardar waɗanda ake mulka, kuma wanda suka ɗora suna iya sauke shi. Na uku, doka tana sama da kowa, ɗan sarki da ɗan mai awo gaban alƙali ɗaya suke. Na huɗu, ba a tara iko duka a hannu ɗaya. Wanda ya kama ka, ba shi zai yi maka shari'a ba, ba kuma shi zai riƙe makullin gidan kaso ba. Na biyar, mutum yana da damar ya faɗi ra'ayinsa, ya taru da 'yan'uwansa, ya yi addininsa, shi ma kuma ya haƙura da ra'ayin da bai yi masa daɗi ba.

A Turai, wani Bature ɗan Ingila mai suna Jon Lok ya rubuta hujjar yardar jama'a a 1689. Monteskiyo na Faransa ya yi bayanin raba iko a 1748. A 1789 'yan juyin juya halin Faransa suka shelanta haƙƙin ɗan'adam. Sai dai da waɗannan ƙasashe biyu suka zo mulkin mallaka, a gida suka bar wannan karatun. A nan Nijar, dokar 'yan ƙasa ta ba kwamanda ikon ɗaure mutum har kwana 15 ba tare da shari'a ba, ga aikin tilas, kuma ba a soke su ba sai a 1946. A Arewacin Najeriya kuwa Ingilishi suka bi ta hannun sarakuna, suka bar musu 'yan doka, kotu da gidan yari, su kuma suna tsaye a bayansu da bindiga. Cikin wannan tsarin aka haifi Aminu.

Ɗan gidan malamai

An haife shi ranar 9 ga Agusta 1920 a unguwar Sudawa cikin birnin Kano. Mahaifinsa Malam Yusufu malami ne, mufti a kotun alƙalin Kano, daga zuriyar Genawa, Fulanin da aka sani da ilmin shari'a. Mahaifiyarsa Rakiya ita ma mai karatu ce, kuma a hannun matan gidansu ya fara karatun allo. Wannan abu biyu sun bi shi har ƙarshen rayuwarsa: ya san kotu tun daga ciki, ya kuma san mace tana iya zama malama.

Ya yi makarantar Shahuci, ya wuce Midil ta Kano, daga nan Kwalejin Kaduna, inda ya fito da takardar malanta a 1942. Tun yana ɗalibi yake shirya wasan kwaikwayo, yana nuna yadda ake cutar baƙauye a kasuwa da yadda masu karɓar haraji ke yi da mutane. Ya gane da wuri cewa abin da mutum ke jin tsoron faɗa da baki, in aka nuna shi cikin wasa sai jama'a su yi dariya, su kuma tafi da shi gida suna tunani.

Aikinsa na farko a Midil ta Bauci ne. Can ya haɗu da mutum biyu da suka shiga tarihi: Abubakar Tafawa Ɓalewa, mai taka-tsantsan, wanda daga baya ya zama firaministan Najeriya, da Malam Sa'adu Zungur, masanin Larabci da Turanci mai kaifin harshe, wanda ya zama kamar malaminsa a siyasa. Suka riƙa zaman muhawara da ma'aikata da malaman gari. Da muhawarar ta kai ga tambayar amfanin mulki ta hannun sarakuna, har da batun albashin sarki, sai hukuma ta rufe zaman. Su kuma suka kafa wata ƙungiya ta neman ci gaban Bauci. A waɗannan shekarun ne ya rubuta wata 'yar ƙasida da Turanci kan yadda mulkin En'e ya danne Kano.

A 1946 aka tura shi ƙarin karatun malanta a Jami'ar Landan. Ya tarar da ƙasar da ke mulkin kusan kashi ɗaya cikin huɗu na duniya, amma a cikinta jarida tana zagin firaminista ba a kama kowa, leburori sun kafa gwamnati da ƙuri'a, sarki kuwa yana nan da darajarsa amma majalisa ke yanke magana. Ya kuma bi labarin Gandi na Indiya, wanda ke gab da karɓo 'yancin ƙasarsa ba tare da ya ɗauki makami ba.

Kada mai sauraro ya ɗauka daga Landan kaɗai ya samo tunaninsa. Ya karanta littattafan masu jihadin Sakkwato. Cikin Kitabul Farƙi, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya jera laifuffukan sarakunan zamaninsa: harajin da shari'a ba ta sani ba, jangali, ƙwace dukiyar talaka, da cin hanci da sunan gaisuwa. Ƙanensa Abdullahi ya rubuta wa mutanen Kano Diya'ul Hukkam kan sharuɗɗan shugabanci da shawara. Mu nan Muniyo Barno muke bi a da, ba Sakkwato ba, amma malamanmu sun san waɗannan littattafai. Hujjar Aminu ita ce jikokin masu jihadi sun koma aikata abin da kakanninsu suka yaƙa. Wannan ya sa maganarsa ta yi wuyar turewa, don ba za a ce masa ɗan koren Nasara ba alhali yana karanto littafin Shehu, kuma shi ne mai tafsiri da azumi.

Neman sawaba

Da ya dawo gida ya kafa ƙungiyar malaman makarantun Arewa a 1948. Hukuma ta ga ya fara yawa, sai ta tura shi Maru a lardin Sakkwato ya shugabanci makarantar horon malamai, nesa da manyan garuruwa. Ranar 8 ga Agusta 1950 wasu samari takwas, cikinsu har da Abba Maikwaru, Bello Ijumu, Magaji Ɗambatta da Mudi Sipikin, suka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, wadda Hausawa suka sani da Jam'iyyar Neman Sawaba. Kafin shekarar ta ƙare Aminu ya ajiye aikin gwamnati, da albashinsa da fanshonsa, ya dawo Kano ya shiga cikinta. A 1953 ya zama shugabanta.

Buƙatun NEPU, in mutum ya duba su yau, sai ya ga kamar ba wani abu ba ne. A zaɓi 'yan majalisar En'e maimakon sarki ya naɗa. A raba alƙali da fada. A daina aikin tilas a gonakin hakimai. A daina karɓar abin da ya wuce harajin da aka rubuta. Kowane baligi ya jefa ƙuri'a da kansa, a asirce. Malam bai kafe kan sai an rushe sarauta ba. Abin da ya nema shi ne sarki ya zama uban ƙasa wanda shi ma doka ke hawa kansa. Amma a wancan zamanin, da talaka ke cire takalmi ya faɗi ƙasa in hakimi zai wuce, wannan magana tawaye ce.

Zaɓen 1951 ya nuna yadda ake iya ba mutane ƙuri'a da hannun dama a karɓe da na hagu. Hawa-hawa aka yi shi: unguwa ta zaɓi wakilai, su zaɓi na gunduma, su kuma su zaɓi na lardi, kuma En'e tana da damar cusa nata mutane a tsakani. NEPU ta yi nasara a matakin farko cikin birnin Kano, amma da aka kai matakin ƙarshe ko mutum ɗaya nata bai shiga majalisar Kaduna ba. Jam'iyyar NPC ta Sardauna Ahmadu Bello, wadda sarakuna ke mara wa baya, ita ta kwashe.

Daga nan wahala ta fara. Mafi yawan 'yan NEPU ƙananan mutane ne: teloli, mahauta, 'yan koli, masu wanki, malaman zaure. Ana kama su da laifin zagin sarki ko yin taro ba izini. Izinin kuwa a hannun En'e yake, ɗan dokan da zai kama ka na En'e ne, alƙalin na En'e ne, gidan yarin ma na En'e ne, kuma lauya ba shi da damar tsayawa a kotun alƙali. An yi wa mutane bulala a bainar jama'a, an ɗaure wasu, an kori wasu daga garuruwansu. A Kano har gungun 'yan daba aka samu, waɗanda aka riƙa kira 'Yan Mahaukata, masu farautar 'yan NEPU. Wanda yake son ya fahimci dalilin da ya sa masana suka ce kada a tara iko a hannu ɗaya, to, ya dubi wannan.

Abin da Malam ya yi da wannan wahalar shi ne darasin. Bai ce a ɗauki makami ba, ko da yake samarin jam'iyyar sun sha ramawa in an taɓa su. Ya sa ana rubuta sunan wanda aka kama, da ranar, da hukuncin. Ana ɗaukaka ƙara zuwa babbar kotu, ana aika koke ga gwamna, ana bugawa a jaridun Legas. Da aka je tarurrukan tsarin mulki a Landan a 1953 da 1957, ya kai maganar can. Shi da wakilan ƙananan ƙabilu da sauran 'yan adawa suka matsa, har tsarin mulkin da Najeriya ta samu 'yanci da shi a 1960 ya fito da babi guda na haƙƙin ɗan ƙasa.

A akwatin zaɓe kuwa ya sha ƙasa. Maitama Sule ya kayar da shi a 1954, Ahmadu Ɗantata ya kayar da shi a 1956. Sai a 1959, da aka yi zaɓe kai tsaye kuma a asirce, ya ci kujerar Kano ta Gabas a majalisar tarayya. A 1964 ya sake rasa ta. Duk lokacin da ya faɗi, sai ya koma yawon ƙauyuka.

Maganar mata

Babu inda ya sha suka kamar kan batun mata. Ya buɗe makarantar Islamiyya a Kano inda yara maza da mata ke karatun addini a aji, da allon bango da darasi a tsare. Ya tsaya kan cewa mace ta yi ilmi, ta yi ƙuri'a, a kuma zaɓe ta. NEPU ta buɗe reshen mata, inda Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ta yi suna. An ɗaure ta sau 16 kamar yadda masu tarihinta suka lissafa.

A nan akwai abin da ya kamata mu lura da shi. Iyayenmu mata a Nijar sun samu damar ƙuri'a tun 1956, ƙarƙashin dokar da Faransa ta yi wa ƙasashen da take mallaka. 'Yan'uwansu na Kano, Katsina da Sakkwato kuwa sai a 1976 suka samu, shekara 20 bayan haka, alhali matan kudancin Najeriya sun daɗe suna jefawa. Harshe ɗaya, addini ɗaya, auratayya ɗaya, amma iyaka ta raba su. Wannan ya nuna ba addini ko al'ada ne suka hana ba, shawarar masu mulki ce. Malam bai sauka daga wannan ra'ayi ba har ƙarshe: da yake shirin takarar shugaban ƙasa ta 1983, mace ya ɗauka mataimakiya, Bola Ogunbo.

Sawaba biyu, hanya biyu

Dattawanmu in suka ji kalmar sawaba, Jibo Bakari suke tunawa da tutar raƙumi. Ba su yi kuskure ba. Jam'iyyar Jibo ta ɗauki wannan suna a shekarun da NEPU ke amfani da shi a Kano, kuma tana da ƙarfi sosai a ƙasar Damagaram. Masu goyon bayansu ma iri ɗaya ne: 'yan kasuwa ƙanana, direbobi, leburori, masu sana'ar hannu. A ƙuri'ar raba gardama ta Dagol ranar 28 ga Satumba 1958, Sawaba ta ce a'a, aka kayar da ita, Jibo ya sauka daga shugabancin gwamnati. A 1959 aka haramta jam'iyyar, Nijar ta shiga 'yancin kai ranar 3 ga Agusta 1960 da jam'iyya ɗaya tak, RDA ta Jori Hamani. 'Yan Sawaba da yawa suka tsallaka Kano, suka samu mafaka wajen 'yan NEPU.

Daga nan hanyoyin suka rabu. Sawaba, da aka toshe mata kowace ƙofa, ta ɗauki makami a 1964, aka murƙushe ta, gidaje da yawa a wannan yanki suka yi kuka. NEPU, duk da bulala da ɗauri, ba a haramta ta ba. Tana da jarida, tana da kotun ɗaukaka ƙara, tana da 'yan kujeru a majalisa. Ba muna auna jarumtar kowa ba ne. Abin da muke nunawa shi ne amfanin barin ƙofa a buɗe ga ɗan adawa: inda aka bar shi ya yi magana, ko da ana cutarsa, rigimar takan tsaya a baki da takarda. Inda aka rufe bakinsa ɗungurungum, sai ta koma daji. Nijar ba ta sake ganin jam'iyyu da yawa ba sai a zamanin babban taron ƙasa na 1991, wanda ya kai ga zaɓen 1993.

Cikin gwamnatin soja

Sojoji sun kifar da gwamnatin farar hula ta Najeriya a Janairun 1966, suka rushe jam'iyyu duka. A 1967, ƙasar tana bakin yaƙin basasa, Janar Yakubu Gowon ya kira Malam cikin gwamnatinsa. Ya riƙe ma'aikatar sadarwa har 1971, sannan ta lafiya har 1974.

Masu sukarsa sun yi tambaya mai nauyi: yaya mutumin da ya ce mulki sai da yardar jama'a zai zauna da waɗanda suka hau da bindiga? Masu kare shi kuma suna nuni da abin da ya faru a lokacin. A watan Mayu 1967 aka raba Najeriya jihohi 12, Kano ta samu jiharta. Cikin 'yan shekaru aka karɓe 'yan doka, gidajen yari da kotuna daga hannun sarakuna aka mayar ga gwamnati. A 1976 aka kawo ƙananan hukumomi masu zaɓaɓɓun kansiloli. Wato abin da 'yan NEPU suka sha bulala a kai, sojoji ne suka zartar da shi da alƙalami. Duka ɓangarorin biyu suna da abin faɗa. Gyaran ya tabbata, amma hanyar da aka bi ta saɓa wa ginshiƙi na biyu, kuma Najeriya ta daɗe tana biyan bashin sabon da sojoji suka yi da mulki.

Makulli, da rigimar cikin gida

Da aka fara shirin komawa farar hula, Malam yana cikin waɗanda suka tsara sabon tsarin mulki. A 1978 ya kafa jam'iyyar PRP mai alamar makulli. Hukumar zaɓe ta nemi hana shi takara kan batun takardun haraji. Ya tafi kotu, kotu ta wanke shi. A zaɓen shugaban ƙasa na 1979 ya zo na huɗu cikin 'yan takara biyar, Alhaji Shehu Shagari ya ci. Amma PRP ta ɗauki gwamnonin jihohi biyu: Abubakar Rimi a Kano, Balarabe Musa a Kaduna. Suna hawa suka soke haraji da jangali, abin da NEPU ta nema tun 1950. Duk wanda ya ji labarin yadda kakanninmu ke ɓoye dabbobi ko su tsallake iyaka in lokacin lampo ya zo, ya san girman wannan rana ga talaka.

A nan ne ya kamata mu faɗi inda Malam ya rabu da libaraliyya irin ta littafi. Wani reshe nata, wanda ya samo asali daga Adam Simit na Birtaniya a 1776, yana ganin gwamnati ta janye hannunta daga kasuwa, kowa ya nemi nasa. Malam bai tafi nan ba. Ya yarda mutum ya mallaki gonarsa da shagonsa, amma yana ganin 'yancin mai jin yunwa da jahilci rabin 'yanci ne, don haka dole gwamnati ta ɗauki nauyin ilmi da magani, ta kuma hana masu kuɗi haɗiye marasa shi. PRP ta karkata ga gurguzu a tsarinta na tattalin arziki. Shi da kansa ya fi son a kira tafarkinsa dimokuraɗiyya mai mutunta ɗan'adam. Mu da muka ga yadda gyaran tattalin arzikin Bankin Duniya ya taɓa makarantu da likitocinmu a shekarun 1980 da 1990 mun san wannan gardama ba ta ƙare ba.

Ginshiƙi na biyar, wato haƙuri da mai saɓanin ra'ayi, shi ya fi ba jam'iyyar wuya. Daga 1980 gwamnonin biyu suka riƙa halartar taron gwamnonin adawa, shugabannin jam'iyya suka hana, suka ƙi ji, aka kore su. PRP ta dare biyu: 'yan santsi masu bin gwamnoni, da 'yan taɓo masu bin Malam. Mutanen da suka kwana ɗaki ɗaya a gidan yari suka koma zagin juna a dandali. A watan Yuni 1981 majalisar Kaduna, wadda jam'iyyar NPN ta fi yawa a ciki, ta tsige Balarabe Musa. Jam'iyyar da ta koya wa talaka ya ƙi bin umarni ido rufe, ita ce ta kasa jure wa 'ya'yanta da suka ƙi bin nata. Wannan rauni ne na gaske a tarihinsa, kuma masoyansa na kirki ba sa ɓoye shi.

Malam Aminu ya rasu ranar 17 ga Afrilu 1983 a gidansa na Gwammaja, yana da shekara 62, 'yan watanni kafin zaɓe. A gidan aka binne shi. Mutumin da ya yi shekara bakwai yana minista, a lokacin da kuɗin man fetur suka fara kwarara, bai bar dukiyar da za a yi rigima a kanta ba. Gidan yanzu shi ne Mambayya, cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ƙarƙashin Jami'ar Bayero, kuma 'yan'uwanmu mazauna Kano suna iya zuwa su gani da idonsu.

Abin da ya shafe mu

Jama'a, tarihin Malam ba na 'yan boko ba ne kaɗai. Ginshiƙan nan biyar kullum muna karo da su, ko ba mu san sunansu ba. In mai karɓar kuɗin kasuwa ya karɓa, ka nemi takardar shaida, wannan iyakar mulki ce. In rigimar gona ko ta burtali ta tashi tsakanin manomi da makiyayi, aka kai gaban kwamitin ƙasa da dokar karkara ta 1993 ta tanada, aka saurari kowa ba a dubi wane ne ubansa ba, wannan daidaito ne gaban doka. In yarinya ta ci jarrabawa aka bar ta ta ci gaba da lakkwal, wannan haƙƙin mutum ne. In Bamange da Bahaushe da Bafillace da Batube da Buzu suka sha rijiya ɗaya, suka yi gardamar siyasa a inuwa ɗaya, aka tashi ba gaba, wannan shi ne haƙurin da ake magana.

Malam Aminu ya nuna cewa neman haƙƙi ba rashin ladabi ba ne, kuma ana iya girmama sarki ba tare da an yarda ya ci zali ba. Ya nuna kuma cewa abin yana cin lokaci: soke haraji ya ɗauki shekara 29, ƙuri'ar mata ta ɗauki shekara 26, kuma da yawa daga waɗanda aka yi wa bulala a kai ba su rayu sun gani ba. Allah ya jiƙansa da su baki ɗaya. Dattawan da suka riski zamanin raƙumi da giwa, ko suka yi zaman Kano a zamanin NEPU, muna roƙon jikokinsu su zauna da su su ɗauki labarin tun suna raye. Sai mun haɗu a fili na gaba.